Alwala da Takalman Ango

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a unguwar Ƙuba ba. Na yi ƙoƙarin mantawar, mutanen gidana ne ba sa bari. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina aiki a Madina, ina ba da magani a wani asibiti. A can duk wanda ya sa farar riga ya tsaya bayan kanta Dakta ake ce masa, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba. (Mutum ya ɗaga ka sama, kai kuma ka ce ya sauke ka? Ai ba ladabi.) Ga shi Allah ya yi ni da ƙafar yawo, yau taro a nan, gobe kwas a can, har na yi suna cikin Hausawan Madina a matsayin mutumin da ya san ƙasashe. In ana shan shayi aka ambaci wata ƙasa, sai kowa ya juyo ya dube ni, ni kuma in gyara zama in yi gyaran murya.

Akwai wani saurayi Hamza, malamin lissafi a wata sakandare, haifaffen Madina. Kakansa mutumin garinmu ne da ya zo aikin hajji ya zauna. Babansa abokina ne na ƙut da ƙut, ya rasu ya bar shi da mahaifiyarsa, wadda nake kira Yaya Rabi. Babu jini tsakanina da su, amma Kawu yake ce mini, kuma kusan ita ce kalmar Hausa ɗaya da ke fita daga bakinsa ba tare da an matsa masa ba. Ka yi masa Hausa yana ji sarai, amsar ce sai da Larabci.

Wata rana Yaya Rabi ta aiko a kira ni. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Dakta, ɗanka ya ga mata. 'Yar Jawa ce."

Jawa shi ne sunan da mutanen Madina ke kiran duk wanda asalinsa ya fito daga ɓangaren Malesiya da Indunusiya, kamar yadda mu suke ce mana Takari. Mata sun riga sun gama tasu maganar, yarinya na so, uwa na so. Uban yarinyar ne, wani dattijo da ake kira Ammu Yusuf, wato Baffa Yusuf, ya ce ba zai ce e ko a'a ba sai ya ga babban namiji daga ɓangaren yaron, ya ga irin mutanen da zai miƙa wa 'yarsa. Ita ke nan gare shi. Baffannin Hamza kuwa duk suna Najeriya, shi bai ma san fuskokinsu ba. Saboda haka babban namijin ni ne.

Ta ce, "Ai ka je ƙasar tasu, ko ba haka ba?"

Na ce, "Har Malaka na je, Yaya. Can ne ma tushensu."

(Gaskiyar maganar, taro na je a babban birnin ƙasar, aka kwashe mu a bas aka kai mu Malaka yawon wuni guda. Cikina ya ɓaci tun a hanya, saboda haka yawancin tarihin garin ta tagar bas na gan shi. Gidan tarihi ɗaya na shiga, kuma ba tarihi na shiga nema ba.)

Yaya Rabi ta dube ni irin duban da take yi wa mai tallan atamfa. Ta ce, "To ka dai rage surutu. Ka gaisa, ka faɗi asalinmu, ka sha shayinsu, ka taso. Yaron nan ya rame a kan yarinyar nan, kar ka je ka buɗe musu makaranta."

Na ce ta bar komai a hannuna.

Ran tafiya na fito da babbar rigata ta shadda wadda nake ajiyewa don Idi, na kafa hula, na fesa turare. Hamza ya ɗauke ni a tsohuwar motarsa bayan sallar la'asar, yana tuƙi yana share gumi duk da sanyin da ke cikin motar. Mun kusa Ƙuba, wajen tsofaffin gonakin dabino, sai ya ce yana da abin da zai faɗa mini. Wai Ammu Yusuf yana da ɗan gidan tarihi a ƙasan gidansa, kayan kakanninsa, kuma shi Hamza, don ya ƙara mini daraja, ya gaya masa cewa kawunsa masanin al'adarsu ne, ya yi bincike a kanta a can ƙasarsu.

"Bincike kuma, Hamza?"

"Kawu, ai kai kake faɗa kullum a majalisa."

Mutumin kirki da a nan zai ce a tsayar da mota ya faɗi gaskiya. Ni sai na ji wani daɗi ya ratsa ni. Na kishingiɗa na fara yi masa darasi: sunansu Peranakan, 'yan kasuwar Sin ne suka zo suka auri matan Malayu, aka haifi wata al'umma da ba Sinawa zalla ba, ba Malayu zalla ba, namiji a ce masa Baba, mace a ce mata Nyonya. Iyakar abin da na sani ke nan, amma na ja shi har ƙofar gida. Na rufe da cewa, "Mutane ne masu tsafta da tsari. Kai dai ka zuba mini ido, duk abin da na yi ka yi."

Ammu Yusuf da kansa ya buɗe mana. Ɗan gajeren dattijo ne siriri, da farar jallabiya, da murya ƙasa-ƙasa, irin mutanen da sai ka yi shiru kafin ka ji su. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Tafaddal ya Dakta, gida ya yi haske." Har ya ƙara da "Sannu da zuwa" da Hausa, wai da Takari ya tashi a tsohuwar unguwarsu. Muka tuɓe takalma a bakin ƙofa muka shiga.

Wallahi wurin ya yi kyau. Ɗakuna biyu ne da wani siririn lungu, amma kana shiga sai ka manta a Madina kake. Kujerun baƙin katako masu nauyi, an yi musu ado da wani farin abu mai sheƙi da ake samu a cikin ɓawon kifin teku. Kabad cike da tangaran, ruwan hoda da kore da ɗorawa, kowanne da murfinsa, an zana furanni da wani tsuntsu mai doguwar wutsiya. Ga kwanukan kai abinci masu hawa-hawa, ga wata 'yar rigar mata shara-shara mai ɗinkin hannu an maƙale gabanta da ƙarafunan zinariya maimakon maɓalli, ga wani akwatin azurfa da 'yan gwangwanaye a ciki na wani ganye da suke taunawa. Ko'ina ƙamshin tsohon katako da kafur.

Ya ba mu labarin. Kakarsa ta wajen uba Nyonya ce 'yar Malaka. Ta musulunta ta auri wani malami Bamalaye mai rako alhazai, ya taho da ita a jirgin ruwa, ita da akwatunanta, ba ta sake ganin garinsu ba har ta rasu. Da aka rushe tsohuwar unguwarsu don faɗaɗa Harami, 'yan'uwa kowa ya kama gabansa, ba mai son tsofaffin kwanuka, shi ne ya tattara ya kawo nan. Ba kuɗin shiga, ba allo a ƙofa. Alhazan ƙasarsu kan ji labari su zo, wasu tsofaffin mata har su yi kuka.

Ni kuwa na goya hannu a baya ina zagayawa ina gyaɗa kai kamar mai duba aikin ɗalibai. Da na ga tangaran ɗin na ce wannan ai jeren ɗakin amarya ne irin na iyayenmu mata, kwanon da ba a ci a ciki sai dai a goge a mayar. Ya ji daɗin wannan ƙwarai, har ya dafa kafaɗata. Da na ga akwatin ganyen na ce goronsu ke nan, ya ce haka ne. Nasara biyu a jere ta hau mini kai. Na nuna tsuntsun na ce dawisu ne, alamar sarauta. Ya ɗan yi jim, ya ce su dai a gida ba haka suke kiransa ba, amma Dakta ya fi shi karatu. Hamza yana bayana yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa.

A kusurwa akwai wani ɗan akwatin gilashi a buɗe, ba komai a ciki. Na tambaya. Ammu Yusuf ya ce, "Wannan na fitar maka da shi musamman. Ba na buɗe wa kowa, amma masani ya kamata ya gani ba gilashi a tsakani, kuma a inda ya dace ya zauna. Shi za mu gani a ƙarshe."

Na ce, "Madalla," kamar na san me ake nufi.

Muka zauna aka kawo shayi da wani irin alkaki nasu mai laushi, hawa-hawa, kala-kala, da ɗanɗanon kwakwa. Aka shiga maganar da ta kawo mu. Na faɗi asalin Hamza tun daga kakansa, na faɗi halin babansa, kuma a nan ban ƙara gishiri ba don ba ya buƙata. Dattijon yana saurare yana zuba mini shayi. Ni kuma in ina magana ba na sanin abin da hannuna ke yi, ana zubawa ina shanyewa. Magana ta yi daɗi, har ya fara cewa "ɗanmu Hamza". Amma kafin magariba shayin nan ya fara neman hanyar fita.

Na ce ina son in kewaya in sabunta alwala. Ya ce in bi lungun, ƙofar ƙarshe. Shi kuma ya tashi zai leƙa sama ya yi wa mata magana.

A ƙarshen lungun ƙofa biyu ne dab da juna. Ɗaya a rufe, ita ce bayi. Ɗaya an ɗan sassauta labulenta, ana hango wani jan gado mai rumfa da ruwan zinariya. Tsakaninsu a ƙasa an shimfiɗa wani ɗan jan ƙyalle, a kai an jera takalma, dama da hagu, bakinsu na kallona.

To, a nan nake so mai karatu ya yi mini adalci. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san takalmin da aka ajiye a bakin bayi na kowa ne. Ba a tambaya. A masallaci, a gidan biki, a gidan surukai, ka zura ka shiga ka fito ka ajiye wa na baya. A Madina ma haka ne. Shekara arba'in da wani abu ƙafata ta yi tana wannan aiki ba ta taɓa shawara da kaina ba. Na dai lura suna da kyau, don fuskarsu duk 'yan duwatsun gilashi ne ƙanana da ba su kai ƙwayar riɗi ba, shuɗi da ja da fari, an fitar da furanni da 'yan kifaye. Abin da na ce a raina shi ne, "Ka ga masu al'ada. Har takalmin bayi sai an yi masa ado." Jan ƙyallen kuwa na ɗauka abin goge ƙafa ne.

Sun yi mini kaɗan. Ƙafata ta Bakatsine ce, shimfiɗaɗɗiya, ta sha yawo. Ta dama ta shiga da lallashi, ta hagu sai da na tura, na ji wani ɗan ƙiris kamar an taka busasshen ganye. Na shiga da dunduniya a waje.

Ina rufe ƙofa na ga silifan roba shuɗaye a bayanta, har sun ɗan siɗe. Allah ya ba ni dama ta biyu ke nan. Na dube su, na dubi na ƙafata, na yanke hukunci irin na masani: waɗancan na mutanen gida ne, waɗannan na baƙi.

Na yi abin da ya kawo ni. Na naɗe hannun riga na yi alwala cikakkiya, irin wadda ake yi a gidan surukai, ba gaggawa. Na zare ƙafar dama na wanke har idon sawu na tsefe 'yan yatsu, na mayar da ita jiƙe cikin takalmin. Na yi wa ta hagu haka. Ruwa na gudu a ƙasa, ni ina tsaye a ciki.

Ina cikin gyara hula sai na ji muryarsu a lungun, Ammu Yusuf yana magana a hankali yana tahowa. Yana gaya wa Hamza cewa a al'adarsu budurwa ba ta shiga ɗakin miji sai ta ɗinka wa ango takalmi da hannunta, dutse ɗaya bayan ɗaya, uwar ango ta juya shi ciki da waje ta duba. Wai kakarsa tana 'yar yarinya ta fara, idonta har ya raunana a kai. Kakansa ya sa su ranar aure, ya tuɓe a bakin ɗakin amarya, daga ranar ƙafa ba ta sake shiga cikinsu ba. Wai shi ya sa ya ajiye su yau a bakin ɗakin, yadda Dakta zai gan su kamar a wancan daren.

Sai muryar ta tsaya.

Ka san Allah, har a lokacin ban haɗa lissafin ba. Labarin ya burge ni, ina ɗokin in fito in ga takalman. Na buɗe ƙofa, gemu na ɗigar ruwa, ina karanta addu'ar bayan alwala, na tako waje, caɓal, caɓal. Na gan su tsaye suna kallon jan ƙyallen da ba komai a kai. Don in nuna ni ma na san abu mai kyau, na ce, "Ammu Yusuf, gaskiya kun iya karɓar baƙo. Ko takalman bayinku abin kallo ne. Sai dai sun ɗan matse ni."

Suka sauke ido kan ƙafafuna tare. Ni ma na sauke.

Ba wanda ya yi ihu, da ma an yi da ya fi mini sauƙi. Shiru ne kawai, sai wani ɗan sauti a kan tayil, tis, tis, tis. Zaren da ya yi shekaru a bushe ya sha ruwa ya saki, duwatsun ƙafar hagu suna zubowa ɗaya bayan ɗaya suna gangarawa, wasu lungu, wasu su koma bayi wajen rariya. Na so in cire ƙafar, na ji tsoron motsi. Na so in tsaya, na ga tsayuwar ma ɓarna ce. Ga ni nan dai, ƙaton mutum da babbar riga, na ɗage ƙafa ɗaya kamar zalɓe.

Hamza ne ya durƙusa. Ya riƙe ƙwaurina ya zare na hagu a hankali, ya zare na dama, ya ɗora su a kan ƙyallen, ya miƙa wa dattijon da hannu biyu. Ammu Yusuf ya karɓa kamar an miƙa masa jariri mara lafiya. Ya daɗe yana duban inda furen ya zama fili. Na buɗe baki, Larabcin ya gudu, Hausar ma ta gudu, abin da ya fito shi ne, "Na ɗauka... ai a bakin bayi suke."

Ya ce, "Ƙofa biyu ce, ya Dakta."

Sai aka kira magariba. Ya kai takalman ya ajiye, ya dawo ya shimfiɗa dardumai a falo, ya ce yau a gida za mu yi. Na laɓe a baya. Ya nuna mini gaba ya ce, "Wuce. Kai ne mai sabuwar alwala." Har yau ban sani ba ko girmamawa ce ko hukunci. Na dai ja sallar da gajerun surori.

Muna sallamewa na ɗauki farantin shayi na koma lungun. Na tattare babbar riga na durƙusa ina tsintar duwatsu, in lasa yatsa in danna in ɗora a faranti. Na bi su har cikin bayin, na sa hannu a bakin rariya. Waɗanda suka wuce sun wuce. Ina nan a durƙushe, ƙofa a buɗe, na ji dattijon ya yi wa Hamza tambaya a falo, da muryar nan tasa da ba ta tashi.

"Ya waladi, ɗana, gaya mini gaskiya. Wannan mutumin kawunka ne na jini, ko dai aro ka yi don ka cika zaure?"

Na tsaya da yatsa a baki. Na gane abin da yake yi: hanya ya buɗe wa yaron. In Hamza ya ce maƙwabci ne kawai, ɗan garin kakansa, shi ke nan an raba shi da ni, kuma bai yi ƙarya ba. Wallahi a raina ina cewa, faɗi haka, ɗana, faɗi haka ka tsira da matarka.

Hamza ya ce, "Ba jini, ya ammi. Amma shi ya wanke babana, shi ya sa shi a kabari, kuma tun ranar bai bar gidanmu ya nemi namiji ya rasa ba. Ban aro shi ba, kawuna ne. Laifin ma nawa ne da na ce maka masani ne. In ka ba ni 'yarka, ita ma kawunta ne."

Sannan dattijon ya ce, "To Allah ya ba ta haƙuri." Bai ƙara komai ba, ba e, ba a'a.

Na fito da farantina na ajiye a gabansa. Na ce masa ni ba masani ba ne, wuni ɗaya na yi a Malaka, shi ma a cikin bas. Ya ce ya gane tun wajen tsuntsun. Ya raka mu ƙofa da ladabi, ya tsaya yana kallo har na sa takalmana, nawa na kaina.

Muka kama hanya a mota har muka wuce masallacin Ƙuba. Can na ce, "Hamza, da ka ce ba ka san ni ba." Ya ce, "Kawu, don Allah ka yi shiru." Da Hausa ya faɗa, tiryan-tiryan, abin da ya nuna mini lallai ransa ya ɓaci.

Yaya Rabi kuwa ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Na ce ka kama bakinka, ban san ƙafar ma sai an ɗaure ba." Ta daina aiko mana da funkason Juma'a. Makonni suka wuce ba labari daga Ƙuba. Hamza ya ƙara ramewa, in mun haɗu a Harami ya gaishe ni kamar kullum, wannan kuma ya fi zagi ciwo. Na tambayi ma'aikatan jinya 'yan Malesiya ko akwai mai irin wannan ɗinki, suka ce ko a can sai an tona. Na daina zuwa majalisar shayi, don labarin ya riga ni isa.

Wata safiya ina bayan kanta ina ƙirga ƙwayoyi, na ɗago kai sai ga Ammu Yusuf a layi da takardar maganin hawan jini. (Na tabbata ni na jawo masa.) Na haɗa masa. Ya karɓa bai tafi ba.

Ya ce, "Ka gaya wa mahaifiyar yaron su zo a sa rana."

Na ajiye ƙwayoyin da nake ƙirgawa.

Ya ce, "Na buɗe masa ƙofa ya fita ya bar ka a bayi, bai fita ba. Wanda bai yar da kawu irinka ba a rana irin wannan, ba zai yar da 'yata ba ranar da ta yi nata kuskuren. Ai za ta yi, jinina ce." Na fara jero godiya da ban haƙuri, ya ɗaga hannu. "Maganar yaro daban, maganar takalmi daban. Takalmin ban yafe ba tukuna. Kullum in na wuce sai na ga wurin. Ka ba ni lokaci, ya Dakta, ba na son in ce na yafe da baki kawai."

Na ce ya ɗauki duk lokacin da yake so.

Aka yi aure lafiya, ni na karɓa wa Hamza. Takalman suka koma cikin gilashi, aka sa kwaɗo, ba a gyara ba. Duwatsun da na tsinto suna gefe a cikin wani ɗan tangaran. An ce in alhazai suka tambayi abin da ya sami ƙafar hagu, Ammu Yusuf yakan ce wani babban masani ne daga Najeriya ya yi bincike a kanta.

Sai ranar sunan ɗansu na fari, ana cikin cin shinkafa, dattijon ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Ya Dakta, na yafe ƙafar dama." Na ce, "Ta hagun fa?" Ya ce, "Bari mu ga na biyu."

Yanzu 'ya'yansu sun yi yawa, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa, kuma ina kyautata zaton ya cika mini kafin ya tafi, don mutum ne mai cika magana. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, in na ga abu mai kyau a ƙasa a gidan mutane, to akwai wanda ya fi ni sanin dalilin da ya sa yake wurin, sai in tambaya. Har yanzu samari na roƙona in raka su neman aure, wai ƙafata da albarka. Nakan je. Amma tun daga gida nake yin alwalata, kuma in riƙe ta gam har mu fito.